Rigar da Na Yanka wa Kyaftin Dogo

Makon jiya na ji ɗayanku, ku yaran da nake koya wa ɗinki, a shago yana cewa jesin ƙwallo ai ba ɗinki ba ne, ƙyalle biyu ne kawai a haɗa gefe da gefe, wani ma ko hannu babu. Ban tanka ba, don bakina cike yake da fil. Amma maganar ta tsaya min, shi ya sa na zauna na rubuta muku labarin ƙyalle biyu, ku karanta in kun gaji da danna waya.

Na koyi ɗinki a Gusau wajen ƙanen mahaifina, Baffa Sule. Da farko ko keke ba ya bari in taɓa. Aikina hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, da warware duk ɗinkin da ya karkace. Da ya ga hannuna ya faɗa, sai ya ba ni tef da alli, ya koya min abin da ya ce shi ne asalin sana'ar. A wajensa kowane mutum awo biyu gare shi: akwai na jiki, wanda tef ke bayarwa, akwai na matsayi, wanda ido ke bayarwa. In ɗan dako ya zo, ka yanka masa daidai jikinsa. In mai shago a kasuwa ne, ka ƙara yatsu huɗu. In wanda ake durƙusa wa ne, ka ƙara taƙi guda kowane gefe, ko da kuwa siririn mutum ne kamar sillen kara. Ranar da na yi wa wani alhaji kaftani daidai awonsa, Baffa ya kwaɗa min rula a bayan hannu. Ya ce, “Kai, ɗan nan, bawan Allah ya je Makka ya dawo, kai kuma ka zo ka matse shi?” Da wannan karatun na hau jirgi.

Na sauka Doha a farkon shekarun dubu biyu, lokacin da ko'ina ka duba rami ake haƙawa. Na samu shiga shagon wani dattijo ɗan Pakistan, Ustaz Gulam, a Al Asmak, ƙarƙashin wani tsohon gida. Shagon ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka miƙe tare sai ɗaya ya ba da haƙuri. Kekuna biyu ne na ɗinki, da keken wibin guda na ɗaure bakin yadi, mai cin zare kamar ba gobe, da almakashin Ustaz wanda ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Shi ke ɗinka wa Larabawa fararen rigunansu. Ni kuma nawa rage tsawon wandon yunifom, canza zif, da faci. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ma'aikatan Sana'iyya, wato yankin masana'antu, ke cika unguwar, kowa da ledarsa a hannu, don ita ce kaɗai ranar hutunsu. Ranar ko ruwa a tsaye nake sha. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Aikin 'Yan Gwanda ya zo min ne ta hannun Lawwali, wanda kowa ke kira Dogo. Ɗan garinmu ne, mai gadi a ƙofar wani sito a Sana'iyya. Wata rana ya shigo shago, bayansa wani jibgegen Bature ja wur, rungume da bandir ɗin yadi mai roba, shuɗi da ratsin ruwan ƙwai.

“Kawu, ga Mista Kolin, injiniya ne, ɗan Ostireliya. Rigunan ƙwallo yake so.”

“Wace irin ƙwallo?”

“To, ƙwallo ce, amma ba ƙwallo ba ce. Kamar gwanda take. Ana bugawa da ƙafa, ana kamawa da hannu, in za ka ba ɗan'uwanka kuma sai ka naushe ta. Babu raga, babu gola, sanduna huɗu ne a tsaye. In ta bi ta tsakiya maki shida. In ka kuskure ta bi ta gefe ma sai a ba ka ɗaya.”

Na ce, “A ba ka lada don ka kuskure?”

“Wallahi, Kawu. Mutanen kirki ne.”

Ƙungiyar tana da sunanta na Turanci, amma mu tun daga ranar 'Yan Gwanda muke ce musu. Yadda Dogo ya shiga kuwa, Mista Kolin ne yake wasa da ƙwallon a harabar sito, ya buga ta sama ta nufi gilashin motar manaja. Dogo ya san in gilashin ya fashe mai gadi za a tambaya, sai ya daka tsalle ya cafe ta da hannu biyu. Mista Kolin ya zo da gudu ya rungume shi, ya ce ya shekara yana neman irinsa.

Gaskiyar maganar, neman kowa suke yi. A ƙasarsu mutum goma sha takwas ke shiga fili kowane ɓangare, a nan kuwa ko rabin haka sai da kyar. 'Yan wasan farko su ne shi Mista Kolin, da wani likitan haƙori, da malamin makaranta, da wasu injiniyoyi da suka daɗe da rabuwa da gudu, da wani ɗan Ayalan da kullum yake rantsuwa daga ƙasarsu aka sace wasan. Sauran gurbin da mutanenmu aka cike: Dogo, da Audu direba wanda ya taɓa dambe a gida, shi naushin ƙwallon kawai ya ja shi, da Mumuni ɗan Kumasi mai dafa abinci a sansanin ma'aikata.

Rigar farko da na yanka ta Mista Kolin ce. Ya nuna min hoto, na ga 'yar shara ce kawai mara hannu. Na zagaya tef a cikinsa, tef ya kusa ƙarewa. Na duba mutumin: injiniya, shugaban ƙungiya, ga mota da direba. Na ƙara masa taƙi guda kowane gefe, na sake tsawon har cinya. Da ya zo gwaji ya sa, sai ya kama gefen rigar ya ja, ya ce ta bakin Dogo wai a ƙasarsu tana ɗan kama jiki. Kafin in ba shi amsa ya juya ya kalli madubi. Ya tsaya ta gaba, ya tsaya ta gefe. Tumbin nan da ya shigo da shi ya ɓace ɓat, kamar ba a taɓa yin sa ba. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, “Halas, shi ke nan. Haka za a yi wa kowa.”

Sai dai bandir ɗaya ba ya isar kowa a haka. Na bi tsarin Baffa: likita, sannan malami, sannan injiniyoyi, kowa da yalwarsa gwargwadon matsayinsa. Kafin in zo kan masu gadi da direba da kuku, abin da ya rage bai wuce guntaye ba. Na harhaɗa musu, na ja robar yadin iya ja. Da Dogo ya sa tasa, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin titi.

“Haba Kawu! Wannan riga ce ko fenti?”

“Yadi ne ya ƙare, Dogo. Ka yi haƙuri, ka ja numfashi kaɗan-kaɗan.”

Wando ma sai da aka yi rigima. Nasu na asali ko rabin cinya bai kai ba, Audu ya ce shi ko a kewaye ba zai tsaya da wannan ba. Na nemo baƙin yadi na ɗinka wa mutanenmu har ƙasan gwiwa. Turawan ma da rana ta gasa musu cinyoyi sau ɗaya, duk suka dawo suka ce a yi musu irinsa.

Ranar Juma'a da la'asar suke wasa, a wani filin makaranta da suke haya wajen Aziziyya. Ni kuwa na gaya muku yadda Juma'ata take. Don haka kakar wasa biyu cur ina yi musu ɗinki ban taɓa ganin rigar nan a bakin aiki ba. Abin da nake gani shi ne jakar da ake kawo min ranar Asabar. Rigar Mista Kolin a yage daga hammata zuwa ƙugu. Ta likita an fizge kalmasar ƙasa. Ta malami wuya ya koma kafaɗa. Ta Dogo da Audu da Mumuni kuwa sai warin gumi, ko zare ɗaya bai tashi ba. Ustaz Gulam ya taɓa ɗaga ɗaya yana dubawa ta saman tabarau, ya ce, “Me ya sa kullum waje ɗaya, kuma mutane ɗaya?” Na ce masa ai Turawan ne suka fi zuciya, su ke shiga tsakiyar faɗa, namu kuwa gefe suke laɓewa. Ya ce “to,” ya koma kan kekensa. Na ci gaba da faci.

Ashe namu ba laɓewa suke ba. Labari ya fara zagaya gari cewa 'Yan Gwanda sun samo wasu 'yan Afirka da hannu ba ya kama su. A wasan an yarda a cafke wanda ke riƙe da ƙwallo, in kuma aka riƙe ka ba ka rabu da ita ba, sai a karɓe a ba wanda ya kama ka. To Dogo ba a riƙe shi. Sai a kai masa cafka hannu ya sulluɓe. Mista Kolin ya zauna ya yi nazari, ya gano dalili: baiwa ce ta mutanen Afirka, tun suna yara suke tsere wa zakuna. Dogo kaset yake sayarwa a tashar mota kafin ya zo Doha, zaki kuwa a jikin kwalin ashana ya san shi. Amma bai musa ba. Har kura ya ƙara musu a labarin. Su kuma manyan da ake ta kayarwa, kowa ya samo nasa dalilin. Likita ya ce zafi ne, malami ya ce alƙalin wasa ne, ɗan Ayalan ya ce da ma ba haka ake wasan a ƙasarsu ba.

A kaka ta uku aka shirya babban wasa da wata ƙungiya daga ƙasar maƙwabta, har da kofi. Gwiwar Mista Kolin ta riga ta tashi daga aiki, sai ya tara jama'a ya naɗa Dogo kyaftin. A gaban kowa kuma ya yi masa alkawari: in aka ɗauki kofin nan, zai ɗauke shi aikin kula da kaya a kamfaninsu, shi da kansa zai je wajen kafil ɗin Dogo, wato ubangidan da ya yi masa biza, ya nemo takardar saki. Ku da kuka zo daga baya ba ku san nauyin wannan magana ba. A lokacin ba ka isa ka canza aiki ba sai kafil ya sa hannu, kuma ba ya sa wa mai gadi hannu sai wani babba ya taka. Dogo tsayuwa yake a ƙofa tun safe har faɗuwar rana, a zafin da ke narkar da takalmi, ya koma ɗakin da gadaje ke hawa kan juna. Ya bar mata da 'ya'ya biyu a Gusau, ƙaramin bai taɓa ganinsa ba. Sabon aikin akwai kujera, akwai esi, akwai tikitin gida duk shekara.

An kawo sabon bandir saboda wasan, sai dai shi ma ba zai isa kowa ba. Dogo ya zo awo yana tafiya kamar an ba shi sarauta.

“Kawu, ka dai ji labari.”

“Na ji, ranka ya daɗe. Ɗaga hannu.”

“Wannan karon kada ka yi min fentin nan. An ce za a kawo mai hoto. Gida zan aika.”

“Kai ma ka san ba zan matse kyaftin ba. Wa ya koya min sana'a?”

Na ba shi taƙi guda kowane gefe, irin na Mista Kolin, har na ƙara masa yatsu biyu na zumunci. Da na tuna yadda rigunan manya ke dawo min a yage, sai na ce ta ɗan garinmu ba za ta ba ni kunya ba. Na ajiye zaren da na saba, na ɗauko mai kaurin da muke ɗinka kakin masu walda. Na bi kowane gefe sau biyu, na ninka kalmasa, na danne hammata. Tun da na fara taka keke ban yi ɗinki mai ƙarfin wannan ba.

Ranar wasan na roƙi Ustaz ya riƙe shago, na sa babbar rigata na tafi Aziziyya. Ina zama aka hura usur. Ƙwallo ta faɗo hannun likita, ya ruga, rigarsa na kaɗawa a baya kamar shanya. Wani daga cikin baƙin bai ko wahalar da kansa ba, hannu kawai ya miƙa ya damƙi yadi, ya juya likita kamar ana ɗaure buhu, ya ajiye shi a ƙasa. Na ji ƙarar yagewa daga inda nake. Na san wannan yagewar, na sha ɗinke ta. Can aka yi wa malami haka. Sai ga Mumuni, wanda har yanzu tsohuwar matsattsiyarsa ce a jikinsa, ya ratsa mutum uku, kowa ya kai hannu ya dawo da iska. Nan take lissafin ya fito min. Babu zaki, babu kura. Almakashina ne.

Dogo kuwa kafin hutun rabin lokaci an riƙe shi ya fi a ƙirga. Mista Kolin na bakin fili da sanda yana ihu, “Yalla, Dogo, yalla! Me ya same ka yau?”

Ana busa hutu na tsallaka fili da babbar riga. Tela ba ya rabuwa da allura, akwai guda a cikin hulata da zarenta.

“Dogo, cire rigar nan in kama maka gefe. Yanzun nan zan gama.”

“Kawu, lafiya?”

“Rigar ce ake kamawa, ba kai ba. Duba Mumuni. Ina tsohuwar taka?”

“Na ba wani ɗan Nepal yana goge mota da ita.”

“To cire wannan.”

Ya waiga wajen mai hoto, wanda ke gyara kyamara kusa da teburin kofi. Ya shafa gaban rigar.

“Haba Kawu. A gaban baƙi kyaftin zai tuɓe ana yi masa faci? Kuma in ɗaga kofi a matse? Bari kawai, yanzu na gano su. Ba za su sake taɓa ni ba.”

Da na matsa masa da ya cire, don bai taɓa ƙetare maganata ba. Amma ni ma da na kalli rigar a jikinsa, ta zauna ɗas, kafaɗa ta faɗi inda ya kamata, sai na ji hannuna ya ƙi. Na mayar da allura cikin hula na koma na zauna.

Wasa ya zo ƙarshe baƙi na gaba da maki kaɗan, bugu ɗaya ta tsakiya ya isa. Audu ya naushi ƙwallo, ta faɗa hannun Dogo. Gabansa fili fetal, sanduna na kallonsa. Mutum ɗaya ne kusa da shi, wani tsoho mai sanƙo da ke haki tun farkon wasa, wanda ko a mafarki ba zai kamo Dogo da gudu ba. Dogo ya wuce shi. Rigar ce ba ta gama wucewa ba. Tsohon ya faɗi ƙasa, ya miƙa hannu cikin faɗuwar, ya cika tafinsa da yatsu biyun nan na zumunci.

Da rigar likita ce da ta yage, Dogo ya wuce da rabinta ya buga. Na miƙe tsaye, ni tela, ina roƙon Allah ɗinkina ya ɓalle. Dogo ya ja, tsoho ya riƙe, har ya ja shi a ƙasa kamar buhun siminti. Yadi ya miƙe iya miƙewa. Ko zare ɗaya bai motsa ba. Alƙali ya hura usur, ya karɓi ƙwallo ya ba tsohon, kafin ya gama tashi lokaci ya cika.

Bayan kwana biyu Dogo ya je ofishin Mista Kolin. Mutumin ya daɗe a Doha, ya iya magana. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Inshallah, Dogo, inshallah.” Duk wanda ya taɓa bin takarda a garin nan ya san wannan inshallah ɗin. Ya faɗa wa sauran cewa baiwa ce ta tafi, da ma haka take, zaman birni ke kashe ta. Kafin zafi ya shigo kwangilarsa ta ƙare ya koma ƙasarsu.

Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Sabon shugaban 'Yan Gwanda saurayi ne mara tumbi, yana ganin rigunan ya yi dariya, ya yi odar wasu daga ƙasarsu, matsattsu duka. Jakar Asabar ta daina zuwa. Mai gidan da muke haya ya ninka kuɗin shago, aka fara shafa wa gidajen layinmu jan fenti na rusau. Ustaz Gulam ya naɗe almakashinsa a tsumma ya koma gida. Na yi watanni ina ɗinki a kan gado a Sana'iyya, keke a kan akwati, ina rage wa mutane wando. Ƙofar siton su Dogo na kan hanyata. Kullum na wuce yana nan a tsaye, ya ɗaga min hannu, in ɗaga masa. Sai da ƙaramin ɗansa ya shiga makaranta kafin ya gan shi.

Kwanaki wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ke karatun digiri a nan ya nuna min tarihin ƙungiyar da suka rubuta. An ce dogon wando alama ce ta yadda suka girmama al'adar ƙasa tun ranar farko. An ce rigunan farko masu faɗi an tsara su ne musamman saboda zafin hamada. An ce kyaftin Dogo, wanda ya taso cikin namun daji, zalunci aka yi masa a wasan ƙarshe. Har da hoton rigar a cikin gilashi, a bangon ɗakin taronsu, an ninke gefe da gefe ta baya don ta shiga firam. A haka sai ka rantse daidai jikinsa take.

To kai mai cewa ƙyalle biyu ne, in an kawo maka aiki, ka tambayi inda rigar za ta je, in da hali ka bi ta ka gani da idonka. Na birkila da na mai walda da na ɗan ƙwallo duk ba a yi musu awon matsayi irin na zaman zaure.

Dogo yana Gusau yanzu, yana da ɗan shagon kayan masarufi. Duk azumi sai na yanka masa kaftani na ba masu tafiya gida, ban taɓa fashi ba, shi ma bai taɓa cewa in daina ba. Bana da na kira shi in ji ko awon ya canza, na tambaye shi yadda yake so a yi masa.

Ya ce, “Yi min shi da yalwa sosai, Kawu. Nan ba mai bina da gudu.”